Yadda Za Ka Shirya Gasar Kacici-kacici Kan Tarihin Ƙwallon Ƙafa a Gidan Kallo

A gidajen kallon ƙwallo na Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Legas, musun da ake tafkawa bayan an tashi wasa yakan fi wasan kansa tsawo, kuma da wuya ya kai ga matsaya, domin kowa alƙalin kansa ne, wanda ya fi ƙarfin murya shi ke tafiya da gaskiya. Gasar kacici-kacici hanya ce ta sa wa wannan musu linzami. Tana kuma da amfani ga mai gidan kallo a watannin Yuni da Yuli, lokacin da wasannin Turai ke hutu, bencina suna zaune babu kowa, amma kuɗin haya bai san da hutu ba. Shirya ta ba ya buƙatar wani jari, sai dai yana buƙatar natsuwa wajen rubuta tambayoyi, kuma a nan ne yawancin masu gwadawa ke tuntuɓe.

Fara da abin da ba ya ɗaukar lokaci. Zaɓi daren da babu babban wasa, ka sa lokacin farawa bayan sallar isha'i, ka kuma bar tazarar da za ta ishi wanda ke tasowa daga Apapa ko Obalende ya ratso cunkoson hanya. Tanadi man janareto tun da rana, da lasifika ƙarama, da allo ko babban kwali na rubuta maki inda kowa zai gani. Kasa mutane rukuni-rukuni, huɗu ko biyar a kowane, kuma kada ka yarda a haɗa rukuni bisa ƙungiyar da ake goyon baya, domin idan ’yan Arsenal suka zauna gefe guda, ’yan Manchester United suka zauna ɗaya gefen, to ba ilimi za a gwada ba, tsohuwar gaba za a tayar. Gara a haɗa su bisa sana'a ko layi: ’yan gwari, mahauta, ’yan canji, masu gadi, direbobi.

Batun kyauta yana son a tsaya a kansa tun farko. Idan kowa ya zuba kuɗi aka tara, sannan wanda ya ci ya kwashe, an shiga caca, kuma dattawan unguwa da limamin masallaci ba za su yi shiru ba. Kyautar ta fito daga aljihun mai gidan kallo ko wani ɗan kasuwa da ya ga dama: rigar ƙwallo, katin waya, kallo kyauta na wata guda, ko ƙunshin tsire ga rukunin da ya zo na ɗaya. Shiga kuwa ta zama kyauta.

Tambaya mai amsa ɗaya

Babbar ƙa'idar aikin ita ce kowace tambaya ta kasance tana da amsa ɗaya tak, wadda ba za a iya ja da ita ba. Wannan ya haramta duk wata tambaya irin ta “wa ya fi iya ƙwallo”, amma bai tsaya nan ba, domin akwai tambayoyin da ke kama da tsaftatattu alhali akwai rami a ƙarƙashinsu.

Ɗauki wasan Najeriya da Sifaniya a gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa, wanda Najeriya ta ci 3-2. Idan ka tambaya wa ya ci ƙwallon Najeriya ta biyu, dattijon da ya kalli wasan da idonsa zai ce Garba Lawal, kuma yana da hujja, tun da shi ya ɗauko ƙwallon daga gefen hagu ya bugo ta. Yaron da ya karanta a intanet kuwa zai ce mai tsaron gidan Sifaniya, Andoni Zubizarreta, shi ya ci kansa, domin hannunsa ne ya karkatar da ita cikin raga. A nan za ka ji an ce, “Baba, ka yi haƙuri, a rubuce yake,” shi kuma ya amsa, “Yaro, lokacin ba a haife ka ba,” daga nan gasa ta watse. Gyaran mai sauƙi ne: ka tambayi wane ɗan wasa haifaffen Kaduna ne ya bugo ƙwallon da Zubizarreta ya tura cikin ragarsa. Labarin yana nan yadda yake, amma ƙofar gardama ta rufu. Ƙwallon farko ta Mutiu Adepoju ce, ta uku kuma ita ce ta Sunday Oliseh da ya narko daga nesa, waɗannan biyun babu ja-in-ja a kansu.

Irin wannan ramin yana nan a gasar kofin duniya ta 1950. Kowa ya san Yurugwai ta doke Birazil 2-1 a filin Maracanã ta ɗauki kofi, amma idan ka ce “wasan ƙarshe”, mai sani zai kama ka, domin a waccan shekarar ba a buga wasan ƙarshe ba, ƙasashe huɗu ne suka kara da juna a rukuni, kuma da an tashi kunnen doki, da Birazil ce ta ɗauka. Haka kuma shekarun kofin Afirka: gasar da ake kira ta 2023 a Kwaddebuwa, wadda masu masaukin baƙi suka doke Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe, a farkon 2024 aka buga ta. Ko dai ka ambaci ƙasar da ta karɓi baƙunci a maimakon shekara, ko ka fayyace wace shekarar kake nufi. Sannan ka bambanta kofin lig na Ingila, wanda ake bugawa tun 1888, da Firimiya, wadda ta fara a 1992, in ba haka ba magoya bayan Liverpool kaɗai sun ishe ka.

Akwai kuma tambayar da ke tsufa. Duk abin da ya fara da “wa ya fi kowa” yana iya canzawa kafin wata mai zuwa, matuƙar masu neman karya tarihin suna cikin fili. Maimakon ka tambayi wa ya fi ci wa Super Eagles ƙwallo, tambayi ƙwallo nawa marigayi Rashidi Yekini ya ci wa Najeriya. Amsar 37 ce, kuma ba za ta sake motsi ba. Maimakon wa ya fi cin ƙwallo a kofin duniya, tambayi nawa Miroslav Klose na Jamus ya tara lokacin da ya kammala a 2014, wato 16. Kowace amsa ka tabbatar da ita a wurare biyu da ba su kwafi juna ba, ka rubuta a bayan takardar tambayar.

Fara da garin da kake zaune

Abin mamaki a majalisun Legas shi ne za ka tarar da matashin da zai jero maka ’yan wasan Chelsea da suka ci kofin zakarun Turai a 2012, har da John Mikel Obi a tsakiya, amma motar haya tana wucewa da shi ta gaban babban filin wasa na Surulere bai san abin da ya faru a ciki ba. A ganina zagayen farko na garin nan ne, domin shi ne zai ba dattawa damar yin magana, ya kuma sa yara su yi shiru su saurara.

Kayan aiki suna da yawa. A 1949 tawagar Najeriya ta farko ta tashi daga Legas a jirgin ruwa zuwa Ingila, ƙarƙashin kyaftin Etim Henshaw, yawancin ’yan wasan suna buga ƙwallo babu takalmi, amma suka doke ƙungiyar Marine 5-2 a wasansu na farko. A hanyar dawowa suka tsaya Firitawun suka ci Saliyo 2-0, wanda shi ake lissafawa a matsayin wasan farko na Najeriya da wata ƙasa. Cikin wannan tawagar akwai Teslim Balogun, wanda ake wa laƙabi da Thunder, kuma sunansa ne ke kan filin da ke fuskantar babban filin na Surulere. Kafin a kira tawagar Green Eagles, sannan Super Eagles, sunanta Red Devils, abin da kan ba magoya bayan Manchester United dariya idan suka ji. Kofin ƙalubale na ƙasa ya fara ne a 1945 da sunan kofin Gwamna, kuma ƙungiyoyin Legas ne suka yi ta cinye shi har 1953, lokacin da tawagar Kano ta ɗauke shi.

A babban filin Surulere ne Najeriya ta fara cin kofin Afirka, ranar 22 ga Maris 1980, da ci 3-0 a kan Aljeriya. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, mai horarwa ɗan Birazil ne mai suna Otto Glória, kuma daga hannun Shugaba Shehu Shagari kyaftin Christian Chukwu ya karɓi kofin. Wasa ɗaya ke nan, amma tambayoyi biyar ne a cikinsa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A filin ne kuma Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu ranar 12 ga Agusta 1989, ana tsaka da wasa da Angola. Wannan tambaya a karanta ta da murya ƙasa-ƙasa, ba a haɗa ta da barkwanci. Gasar kofin Afirka ta shekarar 2000 ita ma ta nan ce: Tijjani Babangida ya zura wa Afirka ta Kudu biyu a wasan kusa da na ƙarshe, sannan aka yi 2-2 da Kamaru a wasan ƙarshe, aka je bugun fanareti, inda ƙwallon Victor Ikpeba ta daki ƙarfen sama ta sauka bayan layi amma alƙali bai ba da ita ba. Kada ka tambayi ko ta shiga ko ba ta shiga ba. Tambayi sunan wanda ya buga, ka kuma shirya jin tsaki daga kowane lungu na ɗakin.

Tun da Hausawa ne a zaune, ka sa ’yan Arewa a cikin lissafi. A kofin duniya, Ahmed Musa ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018. Kano Pillars ta ɗauki kofin lig a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma tun kafin a kafa ta Raccah Rovers ta kawo wa Kano wannan kofi a 1978. Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a kofin duniya a wasa da Bulgeriya a 1994, ya riƙe raga yana girgizawa, a Kaduna aka haife shi. Kada ka manta da cewa da yawa cikin masu zama a bencinka ’yan Nijar ne, na Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma suna da labarin da ya fi na kowa daɗi. A watan Oktoba 2011, ranar ƙarshe ta neman gurbin kofin Afirka, Masar ta ci Mena, tawagar Nijar, 3-0, ita kuma Afirka ta Kudu da suke rukuni ɗaya ta tashi babu ci da Saliyo, ’yan wasanta suka yi ta rawa a fili a zaton sun wuce da yawan ƙwallaye. Ashe ƙa'idar gasar ta ce idan maki ya zo daidai, sakamakon karawar da ƙasashen suka yi da juna ake dubawa, kuma da wannan lissafin Nijar ce ta samu gurbin, karo na farko a tarihinta.

Na duniya, da zagayen gaskiya ko ƙarya

A zagaye na biyu ka fita waje, amma ka zaɓi tambayoyin da ke ɗauke da labari, domin amsar da ba ta da labari, da an rubuta maki an manta da ita. Shekarun kafa hukumomi, 1863 ta hukumar ƙwallon Ingila da 1904 ta FIFA, ɗaya ko biyu sun isa. Abin da ke riƙe mutane shi ne irin wasan ƙarshe na kofin duniya na farko a 1930, inda Yurugwai da Ajantina suka kasa daidaitawa kan ƙwallon da za a buga, sai aka yi rabin farko da ta Ajantina, ta tafi hutu tana gaba da 2-1, aka dawo da ta Yurugwai, ita kuma ta gama da 4-2. Ko kuwa kofin duniya na farko, wato Jules Rimet, da aka sace a Landan a watan Maris 1966, mako guda bayan haka wani kare mai suna Pickles ya tono shi a naɗe cikin jarida. Birazil ta mallake kofin a 1970 bayan ta ci sau uku, aka sake sace shi a Rio a 1983, kuma wannan karon babu karen da ya gano shi.

Asalin katin gargaɗi da jan kati ma tambaya ce mai kyau. A kofin duniya na 1966, a wasan Ingila da Ajantina, alƙali Bajamushe ya kori kyaftin Antonio Rattín da baki, babu harshen da ya haɗa su, aka daɗe ana jayayya kafin ya fita. Ken Aston, Baturen Ingila mai kula da alƙalan gasar, shi ya ɗauko dabarar daga fitilar ba da hannu ta kan titi, aka fara aiki da katunan a Meziko a 1970. Tarkon shi ne ba a kori kowa ba a waccan gasar, jan kati na farko sai a 1974, aka ba Carlos Caszely na Chile. Wani tarkon mai kama da shi: kowa zai rantse Stephen Keshi ne ya fara cin kofin Afirka yana ɗan wasa kuma yana mai horarwa, a 1994 da 2013, alhali Mahmoud El-Gohary na Masar ya riga shi, a 1959 da 1998. Tarko biyu ko uku a dare ɗaya sun wadatar. Idan suka yi yawa, mutane za su ga kamar wayo ake yi musu.

Zagayen da ya fi tayar da ɗaki shi ne na gaskiya ko ƙarya, kuma sirrinsa shi ne ka jera tatsuniyar da kowa ya yarda da ita kusa da gaskiyar da babu mai yarda. Babu yaron da ya tashi a Najeriya bai ji labarin da Indiya ta ci mu 99-1 ba, wai ƙwallon tana rikiɗa ta zama zaki ko dutse a idon mai tsaron gida, wai saboda haka FIFA ta kore su daga wasa har abada. Ba a taɓa buga wannan wasa ba, kuma Indiya tana nan tana buga wasanninta a nahiyar Asiya. Karanta shi da fuska a ɗaure, sannan ka bi shi da wannan: a Madagaska a 2002 an tashi wasa 149-0, kuma dukan ƙwallayen waɗanda aka ci ne suka zura wa kansu. Wannan gaskiya ne, ’yan wasan ƙungiyar SO l'Emyrne suka yi ta cin gidansu da gangan a wasa da AS Adema, don nuna fushi da hukuncin alƙali a wasan da ya gabata. Haka nan Ostareliya ta ci American Samoa 31-0 a 2001, mutum ɗaya, Archie Thompson, ya zura 13. Haka nan ƙananan ’yan wasan Najeriya a Dammam ta Saudiyya a 1989, Tarayyar Sobiyet tana cinsu 4-0, suka farke duka, suka fitar da ita a bugun fanareti. Haka nan wasa ɗaya a kofin duniya na 1994 da ya haifi tarihi biyu, Oleg Salenko na Rasha ya ci Kamaru biyar shi kaɗai, Roger Milla kuma ya rama ɗaya yana da shekara 42.

Daren gasar

Tambayoyi talatin sun isa, goma a kowane zagaye, ka fara da masu sauƙi yadda kowane rukuni zai ga maki a gaban sunansa tun da wuri. Kafin a fara, a tara wayoyi cikin kwali ɗaya a gaban alƙali, kowane rukuni nasa a leda daban, har da wayar mai gidan. Kada a amsa da ihu ko ɗaga hannu, domin hakan yana ba mai gaggawa nasara a kan mai sani. Kowane rukuni ya samu takarda da biro, a ba su daƙiƙa talatin su yi shawara a asirce, a karɓi takardun a ƙarshen zagaye. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, kuma kada a hana maki saboda kuskuren rubuta sunan Bature matuƙar an gane wanda ake nufi. Idan maƙwabta Yarbawa ko Ibo sun shigo, a samu mai maimaita musu tambayar da burokin, ba zai ci lokaci ba.

Mai karanta tambaya daban, alƙali daban. Alƙalin ya zama mutum mai shekaru wanda ake jin kunyarsa, kuma zai fi kyau idan ba a san shi da wata ƙungiya ba. Tun kafin tambayar farko a sanar cewa abin da ke rubuce a takardarsa shi ne hukunci a daren, wanda ke da ƙorafi ya kawo hujjarsa a zama na gaba, idan ta tabbata a mayar masa da makinsa a gaban kowa. Lokacin bayyana amsa, mai karantawa ya ba da labarin cikin jimla biyu ko uku, kuma idan akwai dattijon da yake cikin filin Surulere a 1980 ko 2000, a miƙa masa lasifikar, amma a faɗa masa cikin ladabi, “Alhaji, minti ɗaya za mu ba ka,” domin irin wannan minti yakan kai rubu'in awa.

Ajiye littafi guda na tambayoyin da aka riga aka yi da ranar da aka yi su, saboda masu zuwa kullum suna da riƙo fiye da yadda kake zato. Ka kuma tanadi tambayar raba gardama ko da rukuni biyu za su yi kunnen doki, wadda amsarta lamba ce, wanda ya fi kusa ya ci. Shekarar da aka kafa Sheffield FC, ƙungiyar da ta fi kowace tsufa, ta dace da wannan, wato 1857. Idan an riga an yi amfani da ita, tambayi daƙiƙa nawa Hakan Şükür na Turkiyya ya ɗauka kafin ya ci Koriya ta Kudu a wasan neman na uku a kofin duniya na 2002. Amsar 11 ce, kuma a karɓi takardun rukunin biyu a lokaci guda kafin a buɗe ko ɗaya.